Gangar da Ni Kaɗai Nake Ji

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da dama. Na manta sunayen wasu abokan ƙuruciyata, kuma a yini ɗaya sai in nemi carbina sau uku alhali yana wuyana. Amma ranar gayyar nan ta gonar bakin hanyar Kance, ita kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba. Ko da na so mantawa ma, mutanen garinmu Matameye ba su ba ni dama ba.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin Nasara su tattara nasu ya nasu su bar mana ƙasarmu. Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma rani biyar ke nan a jere ina tafiya ci-rani Kano. Aikina a can ba wani abin a zo a gani ba ne. A kantin wani Balarabe mai sayar da yadi nake, in yi shara, in ɗauko bandir, in mayar da bandir, in an yi baƙi in kawo shayi. Amma in na dawo gida, yadda nake taku sai ka rantse kantin nawa ne. Ina da agogon hannu mai tafiya ranar da ya ga dama, da takalmi sau-ciki da ke matse mini yatsu, ina daurewa saboda 'yan kallo. Sauran 'yan ci-rani da sun ga hadari ya fara haɗuwa suke kamo hanyar gida. Ni kuwa sai an yi shuka, wani lokaci har an gama noman fari, sannan nake dirowa daga kamyo, wato babbar motar kaya, ina tambayar mutane yaya damina. 'Yar gonarmu kawuna ne ke rufa mana asiri a kanta.

A kantin nan na fara jin garmaho, akwatin nan mai waƙa. Maigidana yana da faya-fayan waƙoƙin ƙasarsu, in kasuwa ta yi sanyi sai ya sa ni in wana masa, mu zauna muna saurare. Ko kalma ɗaya ba na ganewa a ciki, amma sai in lumshe ido ina gyaɗa kai yadda na ga yana yi. Na kuma ga badujala sau biyu ko uku, masu busa ƙahonin ƙarfe suna tafiya a jere. Shi ke nan sai na yanke hukunci cewa ni na san kiɗa, abin da ake yi a garinmu kuwa hayaniya ce kawai.

Da na bar wannan ilimi a cikina da da sauƙi. Duk yamma in mun taru da samari a gindin cediyar bakin kasuwa, sai in gyara zama in fara wa'azi. "Wai ku ganga mece ce?" nake ce musu. "Kututture ne aka rarake, aka ɗaura masa fatar akuya. Akuyar nan da ranta ba ta sa kowa tsuma ba, sai bayan ta mutu? Duk wanda kuka ga jikinsa na rawa don an kaɗa masa take, ko dai don 'yan mata yake yi, ko kuwa hankalinsa ne bai cika ba. Mai hankali kunne yake ba kiɗa, ba ya ba shi jikinsa." Wasu su yi dariya, wasu su yi tsaki. Babban abokina, wanda muka tashi tare tun muna wasan ƙasa, shi dai abin da yake cewa ɗaya ne: "Allah ya ja da ran malamin kiɗa." Ni kuma in amsa da amin, ban san ba'a yake yi mini ba.

Abin da ya ƙara wa maganar tawa muni shi ne gidan da na fito. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne da ake ba da labarinsa daga nan har Ɗan Barto. In za a yi gayya aka ji zai zo, sai mata sun ƙara yawan fura saboda 'yan kallo. Yana da takensa na kansa a gangar noma, wanda in aka kaɗa kowa ya san da shi ake. Ya rasu ina ɗan shekara tara. Tun ranar da aka binne shi makaɗin garinmu bai sake kaɗa taken nan ba, ni kuma a zatona na manta yadda yake. Abin da na riƙe na mahaifina kaɗan ne: faɗin bayansa in ya duƙa, da ƙamshin ƙasa da zufa a rigarsa, da yadda yake ɗora ni a kafaɗa in an tashi daga gona.

To, a wannan shekarar ce nake neman aure. Yarinyar 'yar unguwarmu ce, ba ta da tsawo, amma bakinta ya fi nawa kaifi. Ina sonta so na gaskiya, irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Ita ma tana sona, ko da yake ba ta taɓa bari na yi fahariya a gabanta na tashi lafiya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen mahaifinta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda bai yarda da duk namijin da tafin hannunsa ke da laushi ba. Da kawuna ya je masa da maganar, cewa ya yi, "Ubansa na sani. Shi ban san shi ba tukuna." Ga shi kuma wani saurayi daga Kance, manomi ɗan manomi, shi ma ya turo manyansa.

A al'adarmu mai neman aure yakan tara abokansa su je su yi wa uban yarinya noma, a ga ƙarfinsa, a ga kuma ko yana da jama'a. Saboda haka a shekarar, karo na farko, na dawo gida kafin ruwa ya sauka. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, gidaje da yawa sun cinye har irin shuka. Shi dattijon nan ya ƙulle 'yan zangarniyoyinsa a rumbu, iyalinsa suka sha wuya bai yarda an taɓa su ba. Da aka yi ruwan shuka ya zuba su kaf a babbar gonarsa ta bakin hanya, ko ƙwaya bai rage ba. Geron ya fito da kyau, ya kai kamar taƙi ɗaya, ciyawa kuma ta taso tare da shi. Wannan gonar ce za mu yi wa noman fari.

Da safen ranar, ina shirin fita, mahaifiyata ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ka bi a hankali. Noma ba riga ba ce da za ka gada ka zura."

Na ce, "Haba Inna, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta ce, "Ni dai rarrafenka na sani, don ni na rene ka. Allah ya ba da sa'a."

Mun kai mu ashirin da muka jeru a gefen gonar ta gabas, kowa da layinsa, kowa da hauyarsa. Can ƙarshen gonar akwai wani babban gawo, a gindinsa 'yan mata suka aje ƙoren fura, tawa tana cikinsu. Dattijon yana tsaye a gefe da malafarsa, ya harɗe hannuwa a baya. Makaɗin kuwa tsoho ne a lokacin, ya rataya gangarsa yana bin bayanmu. Yadda ake yi, wanda ya fi kowa gaba shi makaɗi ke bi yana zuga shi, in wani ya wuce shi sai ganga ta koma bayan wancan.

Ba sai na ɓoye muku ba, tun a layin farko ni ne na ƙarshe. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe, agogon nan da na ƙi cirewa ya cika da ƙasa. Yaran da na girme su suna kaiwa ƙarshen layi su juyo su same ni a tsakiya, su ce sannu malam. Ganga tana can gaba tana yi da wasu. Ina jin ta, ina kuma ƙoƙarin nuna wa kaina cewa ba ta dame ni ba, har ina ƙirga bugun a zuci ina cewa ai abu ɗaya yake ta maimaitawa. Sau ɗaya na ɗaga kai na hangi gindin gawo, na ga yarinyar ta kau da fuska tana gyara murfin ƙwaryar da babu abin da ya same shi. Wannan ya fi bororon hannuna zafi.

Ina cikin haka sai na ji gangar ta yi shiru. Na ji takun mutum a bayana. Na waiga, sai ga tsohon makaɗin nan tsaye, yana kallona irin kallon da ake yi wa maraya ranar salla. Ya gyara ratayar gangarsa, ya kaɗa.

Bugu uku ne a jere, sai ɗan shiru, sai ɗaya mai nauyi. Uku, shiru, ɗaya. Ba da kunne na fara jin sa ba, a ƙirji ya same ni. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Kafin in tuna ko taken wane ne, hancina ya riga ya cika da ƙamshin rigar mahaifina. Ɗan shirun nan na tsakiya shi ya fi kashe ni, don duk lokacin da ya zo sai in ji numfashina ya tsaya tare da shi, sai bugun ƙarshe ya sauka sannan in samu in shaƙi iska. Hankalin nan nawa da nake taƙama da shi ya yi ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba. Na ji shi can ƙasa-ƙasa yana cewa, kai, fatar akuya ce fa. Amma muryarsa ta yi ƙanƙanta, ba wanda ya saurare shi.

Sai tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Mai raba ƙasa da ciyawa, ga ɗanka ya zo karɓar aiki. Gona ta san takun gidanku, taso ɗan mai hauya!"

Daga nan ban ƙara sanin kaina ba. Wallahi na ga mahaifina. Yana gabana kaɗan, ya duƙa, bayansa na sheƙi da zufa, ya nufi gindin gawon nan. Na bi shi. Hauyar da ɗazu take yi mini nauyi ta zama kamar ludayi a hannuna. Bayana ya saki, zafin bororon ya tafi. Hawaye da zufa suka haɗu suka rufe mini ido, ban damu ba, don ba ƙasa nake kallo ba. Da na ɗan yi nisa sai na daina ganin sa a gabana, na ji ai ni ne shi. Na wuce mutum ɗaya, na wuce biyu, na wuce kowa. Ganga tana biye da ni, tana ƙara zaƙi, tana ƙara kusowa, har na ji kamar a cikin kaina ake kaɗa ta. Ina jin ihun jama'a ta ko'ina, ina jin ana kiran sunana, har wani abu ya bugi bayana na ce a raina goro ne aka fara jefo mini. A zuciyata na riga na ga komai: dattijon ya cire malafarsa ya ɗora mini, saurayin Kance ya koma gida da kayansa, ana ba da labarina a kasuwar Yauri.

Na isa gindin gawo. Na miƙe, na ɗaga hauya sama, na yi wani kirari da har yau in na tuna shi sai na rufe fuska. A ciki har da cewa ni ne ruwan sama mai raya matacciyar ƙasa. Sannan na share ido da gefen riga, na juyo don in karɓi yabo.

Babu mai noma. Samarin nan duka suna tsaye, kowa ya dogara da hauyarsa. Makaɗin yana can nesa, kusan inda ya same ni, ya ɗora tafin hannu a kan fatar gangarsa. Sai a sannan na dubi ƙasa. Ashe tun sara na goma ko sha biyu na saki layina. Da yake gawon ba saitin layina yake ba, sai na yanko gonar a karkace, na ratsa layukan mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga inda na taso har inda nake tsaye wata hanya ce fetal, faɗinta ya kai taku biyu, tas kamar tsakar gidan da aka share. Ciyawa ko ɗaya ban bari ba, wannan kam a yaba mini. Gero ma ko ɗaya ban bari ba. Ga shi nan kwance, saiwa a sama, ya fara yaushi a rana.

Cikin 'yan matan tawa ce kaɗai ta motsa. Ta ɗebo fura a ƙoƙo, ta miƙo mini, ta ce a hankali, "Sannu da aiki. Za ka sha yanzu, ko sai ka gama da sauran gonar?" Bakinta ne ya faɗi haka, amma idonta ya kawo ruwa, don ta fi ni sanin abin da gidansu ya sha kafin a kai irin nan gona.

Dattijon ya tako ya bi hanyar nan tawa tun daga farkonta har ƙarshenta, a hankali, kansa a ƙasa. Da ya iso kusa da ni na durƙusa. Ya sunkuya ya ɗauki tsiron gero ɗaya, ya jujjuya shi, ya mayar ya aje. Bai zage ni ba, bai ko dube ni ba. Ya juya ya kama hanyar gari. Da ya mare ni da na fi jin daɗi.

Mutum in ya yi abin kunya wanda zai ɗora wa laifi yake nema. Na nufi makaɗin ina huci. Na ce, "Baba, kai da ka ga na saki layi, don me ka ci gaba da zuga ni?"

Ya ce, "Ni? Ɗana, kana sakin layi na daina. Taken nan bai fi sau biyar na juya shi ba."

Na ce, "Wallahi har gindin gawo ina jin ganga a bayana."

Ya ce, "To, ba tawa ba ce."

Abokina ya tabbatar mini. Ya ce ganga ta daɗe da yin shiru, su ne ke ta ihu suna cewa in tsaya. Ya so ya riƙe ni, amma wa zai kusanci mai tsuma da hauya a hannu? Abin da na ɗauka goro ne kuwa, hoge ne ya jefe ni da shi. Ban yarda da su ba sai da na koma gida. Na tarar da mahaifiyata zaune a ƙofar ɗaki, idonta ya yi ja, ga garin da take tankaɗe ta bar shi kaji na ci. Iska ta kawo mata taken har tsakar gida. Ta ce da ta ji shi sai ta aje rariya ta zauna, ta ga ranar da aka kawo ta gidan nan tana amarya. Ta ce, "Amma bai daɗe ba ya yanke. Na ce ko fatar ce ta fashe." A nan na san lallai rabin gonar nan da gangar cikin kaina na nome ta.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai, da na tambayi ƙananan samarin da muka yi gayyar tare, wasunsu ko lura ba su yi an sauya kiɗa ba. Ɗaya ya ce ai wani tsohon kiɗa ne mai sanyi, bai ma dace da noma ba. Ganga ɗaya, bugu ɗaya, ta zaunar da tsohuwa tana kuka, ta haukata ni, ta wuce ta gefen kunnen wasu ba su ko waiga ba.

Kafin magariba labari ya gama gari. Da yake gonar a bakin hanya take, duk mai wucewa sai ya tsaya ya kalla. Wani ya ce ko kumandan, Baturen mulki, ne zai fitar da sabuwar hanyar mota. Wani ya ce a'a, ɗan ci-rani ne ya kawo mana titin Kano. Sunan ya bi ni. In na ratsa kasuwa sai in ji ana cewa a ba mai titi hanya. Gindin cediya kuwa ban sake zuwa ba a daminar nan.

Bayan kwana biyu kawuna ya kira ni. Ya ce dattijon ya aiko. Ba ya son ban haƙuri, ba ya son a biya shi komai. Wurin da na kashe, in raya shi da hannuna, ba gayya, ba ganga. In geron ya yi kai, a zo a yi magana lokacin kaka. In bai yi ba, mutanen Kance suna jira. Na ce, "Kawu, da wane iri? Ai babu iri a gari." Ya ce, "Da ka tambayi kanka wannan kafin ka zama ruwan sama."

Dabara ɗaya ce ta rage, dashe. Lokacin an fara cirar hatsi, wato rage tsiron da ya yi yawa a rami ɗaya, wanda galibi zubar da shi ake yi. Na aje takalmi sau-ciki, na bi gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙon abin da suka cire. Wasu su ba ni da addu'a, wasu sai sun sa na maimaita musu kirarin gindin gawo tukuna. Allah ya taimake ni aka yi ruwa mai yawa. Ƙasa na jiƙe na shiga, in huda rami da tsinken ice, in sa tsiro, in rufe, in matsa gaba. Aikin da na ɓata kafin a sha ƙoƙon fura, sai da ya ci mini kwana biyar. Ni kaɗai a gona, babu abin da nake ji sai kukan kurciya da numfashina.

A rana ta uku na ji motsi, na ɗaga kai na ga dattijon tsaye a kaina. Na durƙusa na sunkuyar da kai, don a wurinmu mai neman aure ba ya haɗa ido da uban yarinya, balle hira. Ya sa yatsu biyu ya ja tsiro ɗaya cikin waɗanda na dasa, ya fito ba gardama. Ya ce, "Ba ka danne ba." Ya mayar da shi, ya tsinke kan ganyen, ya taka gindin da dunduniya. Ya yi na biyu, ya yi na uku, ina kallo. Na zaci tafiya zai yi, sai ya tsuguna.

Ya ce, "Damina goma sha wani abu na yi ina noma kafaɗa da kafaɗa da ubanka. Ka san inda aka samo taken nan?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Daga hauyarsa. Makaɗin nan damina guda ya yi yana bin bayansa yana sauraren saransa. Sara uku, sai ya dakata, sai ɗaya. Shirun nan da kake ji a tsakiyar kiɗan, wurin nan ne yake duba gindin hatsi kafin ya sara kusa da shi. Ubanka bai taɓa bin ganga ba. Ganga ce ke bin sa."

Shirun nan da ya tsayar mini da numfashi, wanda a cikinsa na rufe ido, ashe wurin buɗe ido ne. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gindin gawo, don wancan karon mutane na ji wa kunya, wannan karon kuwa mahaifina.

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Har ya juya, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ma da na ji shi ranar nan, ban san inda nake ba. Da ina cikin hankalina da na tare ka tun kana kusa." Ya tafi abinsa. Na koma farkon layi na bi duk abin da na dasa ina dannewa da dunduniya.

Dashen ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Kullum da safe sai na je na duba shi, in dawo ba na iya cin abinci. Da ya fara miƙewa kuma sai ruwa ya ɗauke kwana goma. Ni ne har da ɗaukar tulu daga rijiya ina bi gindi-gindi ina zubawa, masu wucewa suna cewa yau ga mai titi yana ba titinsa ruwa. Yarinyar ba ta zo gonar ba ko sau ɗaya, amma rannan mun haɗu a bakin rijiya ta ce mini, ba tare da ta tsaya ba, "In ka bari ya mutu, Kance da nisa a ƙafa, kuma ba na son ka zo gaishe ni." Wannan maganar ta ƙara mini tulu biyar a ranar.

Ba duka ya kama ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya bushe, wanda ya rayu kuma bai kamo sauran gonar a tsawo ba, ko daga hanya kana iya gane wurin. Amma ya fid da kai. Da aka yi girbi, wata safiya kawuna ya shigo gidanmu riƙe da zangarniya ɗaya, 'yar gajera, ya aje a gaban mahaifiyata. Ya ce, "Daga titin ɗanki aka yanko ta. An ce mu je." Mahaifiyata ta ɗauka ta daɗe tana kallo, ni kuwa na shige ɗaki don kada a ga babban mutum yana kuka karo na biyu a damina ɗaya. Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura aure.

Yau duk waɗanda suka tsaya a gonar nan sun riga mu gidan gaskiya, sai ni da ita. Har yanzu in aka sako gangar noma a rediyo takan ce a janye ƙwaryar da ke gabana kada in nome ta. Ni kuma ba na musu, don na san halina.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kiɗa ba a kunne kaɗai yake sauka ba. Jiki yana ji, zuciya tana ji, abin da mutum ya rasa da abin da yake buri duk sai su taso su ƙara nasu, har ya ji abin da ba a kaɗa ba. Duk wanda ya ce hankalinsa ya fi ƙarfin wannan, bai gamu da takensa ba ne tukuna. Tun daga ranar ban sake raina mai tsuma ba, ban kuma sake kiran kiɗan kowa hayaniya ba. Amma ina gaya wa duk wanda zai ji, in kiɗa ya ɗauke ka, ka bi shi, sai dai ka bar ido a ƙasa, don abin da ke gaban hauyarka wataƙila abincin wani gida ne na shekara.